Ƙullin da Na Kwance a Ɗakin Amana

Jikokina biyu ne suka tayar mini da wannan tsohon zance, ba su ma san sun yi ba. Suna zaune a falo bayan la'asar, kowa da wayarsa a hannu, suna ta musu da wannan Faransancin nasu mai gudu kamar ana korarsa. Babban yana cewa yadda 'yan fashi suka addabi mutane, kamata ya yi a bar kowane magidanci ya mallaki bindiga, a kuma sakar wa 'yan sanda mara su shiga duk inda suka ga dama. Ƙanwarsa mai karatun shari'a ta ce ita ko wayarta ɗan sanda ba shi da ikon buɗewa sai da takardar alƙali. Da suka gaji sai suka juyo kaina, suka ce, "Pepe," wato kaka da Faransancinsu, "kai ma ka ce wani abu mana." Na ce musu su bar ni, shayina zai huce. Suka yi dariya, suka ɗauka tsufa ne ya sa ba ni da ra'ayi. Ba su san cewa a gidan nan ni kaɗai ne na taɓa riƙe bindiga ba, ni kaɗai ne kuma na taɓa kwana a hannun hukuma saboda ita.

Gidan da abin ya faru babu shi yanzu. Na je unguwar Adjamé a Abidjan kwanakin baya na tarar an rushe shi, an jera shaguna masu ƙofofin ƙarfe, wani mai gadi yana zaune da bindiga a kan cinya daidai inda mahaifina yake shimfiɗa buzunsa. Na daɗe a tsaye har mai gadin ya fara yi mini kallon tuhuma. A zamaninmu gidan yana bayan tasha ne, tsakar gida ɗaya, ɗakuna zagaye da ita, rufin kwano. Ba ma bukatar agogo. Da asuba kiran salla ne, daga nan sai tarin manyan motoci suna ɗumama inji, sai ihun masu gbaka, ƙananan motocin haya, suna kiran unguwanni, sai lugude daga ɓangaren maƙwabtanmu Julawa. Kafin hantsi mata sun fara wankin goro a manyan kwanoni, ana ware ja da fari, ana shimfiɗa ɗanyen ganye a cikin kwanduna. Ƙanshin ganyen nan da na gawayi da na kifin da ake soyawa a bakin ƙofa, shi ne ƙanshin ƙuruciyata. In ruwan sama ya sauko a kan kwanon nan kuwa, ko kiran sunanka ake yi daga ɗakin da ke kusa ba za ka ji ba.

Baba mutumin Adar ne, ya shigo Abidjan tun yana saurayi, ya zama maigidan fatake. Masu goro da masu shanu da masu albasa in sun sauko daga arewa gidanmu suke sauka, ya ba su ɗaki, ya ba su tuwo, ya haɗa su da masu saye. A ƙarshen tsakar gidan akwai wani ɗaki da ba a kwana a ciki, muna ce masa ɗakin amana. Matafiyin da zai wuce gaba, wanda bai san ranar dawowarsa ba, nan yake barin kayansa. Ga yadda ake yi: mai kaya ya ɗaure kayansa da hannunsa, da irin ƙullinsa, ya ɗauka da kansa ya shiga ya ajiye. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ba ya tambayar abin da ke ciki, ba ya rubuta komai. Abin da zai ce kawai shi ne, "Allah shina gani." Shi ke nan an gama. Wani ƙullin ya yi wata, wani ya yi shekaru. Mabuɗin ɗakin yana rataye a jikin ƙusa a zaure, kowa na ganinsa, ƙaramin yaro ma zai iya ɗauka in ya taka kujera. Amma ban taɓa jin wanda ya miƙa masa hannu ba, domin tun muna rarrafe ake gaya mana cewa kayan da ke ɗakin nan masu su ba sa nan, kuma wanda ba ya nan ya fi wanda yake nan ƙarfi a gidan Baba. Yau ka kai jaka tasha a ajiye maka, sai an zazzage ta a gabanka, an ba ka takarda mai lamba, kuma duk da haka zuciyarka ba za ta kwanta ba.

Ni ne ɗan da aka sa lakwal, wato makarantar boko. Na fito da Faransanci a baki, na samu aikin rubuta takardun fitar da kaya a wani kamfani kusa da tashar jiragen ruwa ta Treichville. Kai, ni fa a lokacin ban ga wanda ya kai ni ba. Wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa, suma kamar kwando, alƙalami uku a aljihun gaba, ko da yake ɗaya ne yake rubutu. In na dawo da yamma na tarar da dattawa a gindin mangwaro, sai in zauna in riƙa yi musu fashin baƙin dokokin ƙasa kamar ni na rubuta su. Wata rana na gaya musu cewa a doka ɗan sanda ba shi da ikon kutsawa ɗakin mutum ya yi bincike in mai gidan bai yarda ba, sai ya zo da takarda daga wajen alƙali. Kawuna, ƙanen Baba, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "In sun zo ka karanta musu." Baba yana ta jan carbinsa. Na ɗauka ma bai ji ba.

A shekarun nan ne fashi ya fara yawa a gari. Da farko labari muke ji, har ranar da aka harbe wani baƙonmu mai goro da rana tsaka a wata kwana ta unguwar Arras. Mutum ne mai barkwanci, da safe ya ci koko tare da mu, da la'asar muka bi gawarsa. Daga ranar hirar gindin mangwaro ta canza. Kawu ya ce dole gidan fatake ya samu bindiga, tunda ɓarayi ba sa neman izinin kowa kafin su riƙe tasu. Wasu suka ce a'a, a bar wa hukuma, amma a ba ta hannu ta kama duk wanda ta ga dama, ko da za a haɗa da mai gaskiya. Baba ya bari suka gama, sannan ya ce shi gidansa baƙi ke kwana a ciki, masu fushi da masu haƙuri, masu hankali da waɗanda rana ta taɓa, ba zai ajiye abin da ke kashe mutum kafin a ce masa yi haƙuri ba. Ni kuwa a raina na ce tsoho ne, bai san yadda gari ya koma ba. Tsoro nake ji, gaskiya ke nan, amma a lokacin na ɗauka jarumta ce.

A tashar jirgin ruwa babu abin da ba a samu in ka san wanda za ka tambaya. Wani ma'aikacin jirgi ya kawo mini ƙaramar bindiga, pistole, a naɗe cikin tsohuwar riga. Babu izini, babu takarda. Na iso da ita gida, nan fa ido ya buɗe: ina zan sa ta? Ɗakina mu uku ne, Inna kuma ba ta barin ƙarƙashin katifa ya huta. Sai shaiɗan ya nuna mini wurin da ba wanda yake taɓawa a duk faɗin Adjamé. Ranar Juma'a na yi jinkiri da gangan har maza suka wuce masallaci, mata suna can baya wajen murhu. Na cire mabuɗin daga ƙusa, na shiga. Ɗakin yana da sanyi, yana warin fata da tsohon ganye. Na zaɓi wani ƙulli da ke can lungu, wanda ƙura ta fi rufewa, na wani mai shanu da ya wuce Gana tun ina lakwal ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na kwance igiyar, na cusa bindigar a tsakiyar kayan ba tare da na duba su ba, na mayar da ƙullin yadda na iya. Har na riƙa yaba wa kaina dabara a hanyar masallaci.

Ba a yi wata biyu ba aka yi rafal, wato irin kamen da 'yan sanda suke zagaye unguwa su bi gida gida. Da hantsi ne, ranar ban je aiki ba. Muka ji usur, muka ji gudu a titi, muka ji "Papiye! Papiye!", wato kowa ya fito da takardunsa. Sai ga su sun shigo tsakar gida. Shugabansu wani dattijo ne mai furfura a gefen kai, ba Musulmi ba ne, kowa na ce masa Shef. Suka duba katin kowa, suka shiga ɗakunan kwana suka ɗaga katifu, Baba bai hana ba, shi ma ya buɗe musu nasa da hannunsa. Makamai suke nema. Da suka doshi ɗakin ƙarshe sai Baba ya tashi, ya ɗauki buzunsa, ya je ya shimfiɗa a bakin ƙofar ya zauna. Ya yafito ni, domin ni ne tafinta. Ya ce, "Hwaɗa mai ɗakunana ya gani, don nawa ne, na yarda. Wannan ba nawa ba ne. Masu shi ba su nan, ba ni da bakin da zan yarda a madadinsu. In shina son shiga, shi kawo takardar alƙali da ka ce." Ashe ya ji. Ashe ya ajiye maganar nan tawa tsawon watanni, ga shi ya fito da ita a ranar da na fi kowa son a manta da ita. Na fassara.

Wani matashi a cikinsu ya ɗaga kulki, Shef ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya dubi Baba ya daɗe, sannan ya tura mutum ɗaya a kan babur ya je ya samo takardar, shi kuma ya ja benci ya zauna. Ya ce ba inda za shi. Baba ya sa aka kawo musu ruwa da goro. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ban ƙara gani ba. Gari yana can a hargitse, ana loda mutane a mota, mu kuwa a tsakar gidanmu ɗan sanda da maigidan fatake suna zaune suna muhawara kamar malamai biyu, ni ina tsakiya ina juya musu harshe. Shef ya ce, "Papa, ku ne kuke kuka ana kashe ku. Mutuminku aka harbe a Arras. Na zo neman bindigar da ta kashe shi, kai kuma ka tare mini ƙofa. To ya kake so in yi aikina?" Kawu ya karɓe, ya ce wa Baba, "Yaya, don Allah ka bar su su duba, mi muke ɓoyo? Wanda ba shi da laihi ba shi tsoron bincike." Baba ya ce, "Ni ba tsoro nike ba. Yau wannan ne ya zo, na ga mutum ne mai kunya. Gobe wani za shi zo wanda ba shi da ita. In na buɗe ma wannan don kirkinshi, da wane baki zan hana wancan? Takardar nan ba don shi aka yi ta ba, don na bayanshi ne." Da na fassara, Shef ya yi murmushi ya girgiza kai, ya ce shi ma yana da uba a ƙauye mai irin wannan taurin kai. Ni kuwa gumi ne yake bin bayana, kowa ya ɗauka zafin rana ne.

Har aka kira azahar mai babur bai dawo ba. Shef ya dubi agogonsa, ya ce yana da sauran gidaje. Ya ce, "Papa, na san ku da Littafinku. Ka ɗora hannu a kai ka rantse babu makami a ɗakin nan, in tashi in tafi, takardar ma ba na bukata." Tsakar gida ta yi ajiyar zuciya. Kawu ya ce alhamdu lillahi. Baba ya ce bai san abin da ke cikin kowane ƙulli ba, amma ya san mutanen da suka ɗaura su ɗaya bayan ɗaya, kuma ya san ba wanda ya shiga bayansu, a kan wannan zai rantse. Ya ce a miƙo masa buta. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ruwan nan yana zuba a kan siminti. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, a hankali yadda ya saba. Na ga hanya a buɗe: in na yi shiru na minti biyu, sun tafi, aikina yana nan, sunana yana nan, gobe in jefa bindigar a lagun, tafkin da ya ratsa gari, ba wanda ya sani. Abin da zai ci kawai shi ne tsohon nan ya ɗora hannunsa a kan Alƙur'ani ya rantse a kan ƙarya, saboda ya yarda da ni. Yana shafar kai na durƙusa a gabansa, na ce da Hausa, murya ƙasa ƙasa, "Baba, kada ka rantse. Akwai bindiga a ciki. Ni na sa."

Bai ɗago ba. Ya gama shafar kunnuwa, ya wanke ƙafar dama, ya wanke ta hagu, ya ajiye butar. Na jira mari, na jira zagi. Tambaya ɗaya ya yi mini. "A ƙasa ka aje ta, ko ka kwance ƙullin wani?" Na ce na kwance. Ya ce, "Na wa?" Na faɗa masa. A nan ne na ga fuskarsa ta motsa, kuma wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya miƙe tsaye ya ce, "Tashi ka hwaɗa mai abin da zan ce, kada ka rage ko kalma guda." Haka na tsaya a gaban mutanen gidanmu duka, da Faransancin nan da nake taƙama da shi, na ce wa Shef: akwai bindiga a ɗakin nan, ɗana ne ya sa ta, ban sani ba sai yanzu, shi ya sa ba zan rantse ba. Hannun da ya sa ta shi zai fito da ita, ga shi kuma na ba ka shi. Amma kai har yanzu ba za ka shiga ba sai da takarda, domin laifin ɗana bai zama laifin masu kaya ba.

Na shiga ni kaɗai na fito da ita. Ina miƙa wa Shef sai ga ƙarar babur a ƙofar gida, takarda ta iso da hatiminta. Yanzu yana da ikon ya farke kowane ƙulli a ɗakin, kuma yana da dalili, tunda an riga an samu ɗaya. Ya karanta ta daga sama har ƙasa. Ya dubi ƙofar da ke buɗe, ya dubi tsohon da ke tsaye ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ƙame ya sara wa Baba kamar yadda suke yi wa manyansu. Ni kuma ya ce in wuce gaba. Bai sa mini ankwa ba sai da muka fita daga idon Inna.

Na yi watanni a tsare, aikina ya tafi, wandon nan mai faɗin ƙafa ma ban ƙara sa shi ba. Baba yana zuwa da kansa ya kawo mini abinci, ya tambayi lafiyata, ya tafi. Bai taɓa tayar da zancen ba, ko sau ɗaya. Da na fito sai na tarar ya sa an raba ƙullin mai shanun da sauran, an ɗora shi a kan benci an lulluɓe da farin ƙyalle, igiyar tana kwance yadda na bar ta ranar da na fito da bindigar. Kawu ya so ya ɗaure, Baba ya hana, ya ce ƙullin ba namu ba ne, ba za mu yi wa mai shi ƙaryar cewa ba a taɓa ba. Duk baƙon da ya dawo karɓar kayansa kuwa, sai Baba ya tsayar da shi ya ce, "An shiga ɗakin ga ba da sanina ba. Buɗe kayanka a gabana ka duba." Ina ji, ina gani, kowane lokaci kamar ana zare mini wani abu a ƙirji. Wasu sun daina sauka gidanmu saboda haka, bai kuma taɓa fasa faɗa ba.

Baba ya rasu mai shanun bai dawo ba. Gidan ya koma hannuna. Ina da 'ya'ya uku a lokacin da wani tsoho siriri ya yi sallama wata safiya, da sanda a hannu, ya tambayi maigida. Ashe mai shanun ne. Na gaya masa rasuwar, muka yi addu'a, ya share hawaye. Sannan na kai shi bakin ɗakin, na yaye ƙyallen. Ba kowa a wurin, ba wanda zai ƙaryata ni in na ce ɓera ne ya ci igiyar. Na ce, "Baffa, an kwance ƙullinka. Ni na kwance shi." Na ba shi labarin tun daga farko, ban rage komai ba. Ya tsuguna ya buɗe kayan. A ranar na fara ganin abin da na cusa bindiga a ciki: zannuwan mahaifiyarsa ne da ta rasu, da ƙaramin allon da ya yi karatu da shi. Ya daɗe yana shafa su. Sai ya tattara, ya ja igiyar, ya ɗaure da irin ƙullinsa, ya ɗauka da kansa ya shiga ya mayar lungun da yake tun farko. Ya fito yana kakkaɓe hannu ya ce, "Zan je Bouaké in ga ɗiyata, ban san ranar dawowa ba. Ka aje mini." Ya tsaya yana kallona, yana jira. Can na gane abin da yake jira. Na ce, "Allah shina gani."